Simintin da Aka Ɗura da Sunan Marlys

Ni na kai Marlys Tollefson asibiti ranar da bayanta ya karye, ni kuma na yi ta jigila da ita har abin ya kai inda ya kai, don haka ba a bakin wani na ji ba. Gidana da nata shinge ɗaya ne tsakani, a nan Crookston. Ni na yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta, ita kuma daga ɗakin girkin makarantar. Mijinta Vernon ya rasu shekara biyu kafin wannan lamari, nawa kuwa ya daɗe da tafiya.

Ba ma faɗuwa ta yi ba. Muna ɗakin girki na ƙarƙashin coci muna haɗa abincin jana'izar wani dattijo, ta sunkuya za ta ciro tiren dankali da nama daga tanda, sai na ji ta ce "wash" a hankali, kamar wadda ta tuna ta bar ƙofa a buɗe. Ta tsaya a sunkuye.

Na ce, "Ke, miƙe mana, mutane na jira."

Ta ce, "Lorna, karɓi tiren nan. Kada ki bari ya zube."

Sai da na karɓa na ajiye sannan ta dafa tebur, gumi na keto mata.

Hoto ya nuna ɗaya daga cikin gaɓoɓin ƙashin bayanta ta rufta, kamar gwangwanin da aka taka. Likitan da muka gani a Grand Forks, wani dogo mai sanyin murya, ya ce ƙasusuwanta sun yi laushi saboda shekaru. Ya ce akwai aikin da ake yi, kuma ba yanka ba ne. Allura za a soka ta baya, a hura wani ɗan balan-balan a ɗaga ƙashin, a ɗura masa siminti irin na ƙashi. A yi da safe, da yamma ta koma gida. Amma sai kamfanin inshora ya amince tukuna.

"Siminti?" in ji Marlys. "Sai ka ce dakalin ƙofar gida."

Na ce, "Ai kin fi dakalin taurin kai."

Muka dawo muka zauna jira. Ba ta iya kwanciya a gado, sai ta tare a falo cikin kujerar Vernon mai kishingiɗa. Ko atishawa tsoronta take yi. Ni ke kai mata miya, in kwashe mata dusar ƙanƙara daga ƙofa. Marlys mace ce da ba ta son a yi mata abu, duk kwanon da na miƙa mata sai ta ce gishiri bai ji ba, amma tas take cinyewa.

Ana nan, wata rana da hantsi, wata yarinya daga ofishin kuɗi na asibitin ta bugo. Kunnen Marlys ɗaya ba ya ji sosai, sai na buɗe muryar wayar na ɗora a hannun kujera.

"Madam Tollefson, sunana Kendra. Ki yi haƙuri, kamfanin inshorarki sun ƙi."

"Sun ƙi me?"

"Sun ƙi biyan aikin. Sun ce wannan gaɓar an riga an yi mata siminti, su kuma ba sa biya sau biyu a wuri ɗaya."

Marlys ta dube ni. "Lorna, kin ɗura mini siminti ina barci?"

"Da na samu dama ai a baki zan ɗura."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ce abin a rubuce yake, an yi aikin shekara uku da suka wuce, da kaka, a wani asibiti a Aberdeen ta Dakota ta Kudu. Sunan Marlys ne, ranar haihuwarta ce, lambar katinta ce.

"'Yar nan, ni ban taɓa taka Aberdeen ba. Me na ajiye a can?"

"Na yarda da ke, Madam. Hotonki ma na kwanan nan ya nuna babu siminti ko ɗigo a bayanki. Da shi za mu ɗaukaka ƙara, likita ya rubuta musu, sai dai zai ɗauki lokaci. Amma akwai abin da ya fi damuna. Duk wadda aka yi wa aikin nan, bayananta sun cakuɗe da naki. Sai mun nemo su daga can an tace, kada wata rana a ba ki maganin wata."

Da aka kashe wayar Marlys ta yi ta faɗa. Ɓarayin zamani, marasa kunya, su sace maka suna kana zaune a gidanka. Ta gaji, ta koma kallon taga. Can ta ce, "Amma Lorna, gaɓa ɗaya fa. Duk gaɓoɓin da ke bayan mutum, ita ma nan ta karye."

Na ce mata ai nan ne ya fi karyewa a bayan tsofaffi, haka likita ya faɗa. Ta ce, "Uhm."

Da bayanan suka iso, likita ya kira mu. Na tura ta a keken marasa lafiya har ofishinsa. Ya juyo da allon kwamfuta wajenmu, sai ga hoton ƙashin baya, da wani farin curi a tsakiya kamar an maƙala ƙwallon kaɗa.

Ya ce, "Wannan ba bayanki ba ne. Amma da ba a gaya mini ba, sai in yi musu. Dubi yadda ya karkata nan, daidai irin naki. Bari in karanto miki, duk abin da ba naki ba ki ce a'a. Tana shan taba tun tana budurwa."

"A'a. Ban taɓa sa wa a bakina ba."

"Ba a taɓa yi mata tiyata ba."

"An ciro mini ɗana ta ciki."

"Tana da tsohon tabon ƙuna a damtsen hagu, tun na ƙuruciya."

Na dubi Marlys. Ta kasance tana wasa da zip ɗin jakarta, sai na ga hannun ya tsaya.

Likita bai lura ba, ya ci gaba. Ya ce a hoton da aka ɗauka lokacin aikin an ga wani duhu a huhunta na dama. An rubuta mata ta dawo a duba, an sake rubutawa, ba ta dawo ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ko wace ce, ina fata ta je wani wuri an duba ta." Sannan ya gangara ƙasa. "Wadda za a kira idan wani abu ya faru, ƙanwa ce. Ardis Rustad. Ga lambar waya. Kin san mai wannan suna?"

Na buɗe baki, Marlys ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

Ta ce, "Likita, rubuta mini lambar."

Ardis ƙanwarta ce, shekara biyar tsakaninsu, su biyu kaɗai iyayensu suka haifa. Suna kama ƙwarai, har murya. Amma Marlys ta zauna, Ardis ta yi ta yawo, yau tana wannan gari tana aikin gidan abinci, gobe tana wancan da wani sabon miji. Lokacin da mahaifiyarsu ta ruɗe, Marlys ce ta ɗauke ta ta yi ta jinya shekara da shekaru, wanka, ciyarwa, canjin shimfiɗa. Ardis kullum tana tafe wata mai zuwa. Ba ta zo ba sai washegarin binnewa, da furanni a hannu. Ina tsaye a tagata na ga komai. Marlys ta buɗe ƙofa, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Kin ɓata hanya, baiwar Allah. Mai gidan nan ba ta da ƙanwa." Ta rufe. Ardis ta ɗan tsaya, ta ajiye furannin a kan matakala, ta shiga motarta. Shekara goma sha biyar kenan, kuma tun daga ranar ba a sake ambaton sunanta a gidan ba. Vernon ya gwada sau ɗaya, ya kwana biyu yana cin abinci a kantin gidan mai.

Muka shiga mota, muka haye gada. Sannan ta ce, "Murhun itacen gidanmu ne. Tana rarrafe ta jingina da shi. Mama ta shafa mata man shanu." Ta sake cewa, "Ta shiga da sunana, da aka tambaye ta wa take da shi a duniya, ta rubuta kanta."

Na ce, "To ina ta samu katinki?"

Sai da muka iso gida na zaunar da ita ta ba ni amsa. Ta ce a kakar shekarar da aka yi aikin nan lasisin tuƙinta da katin inshorarta sun ɓace daga jaka. Ta birkice gidan nan kaf. Vernon ya ce ta daina wahalar da kanta, tsufa ne, ya ɗauke ta da kansa ya kai ta aka yi sababbi. Kuma duk wata takarda da ta shigo gidan, shi ke buɗewa, tun aurensu.

Ta sa na bugo wa Kendra. Ta ce, "'Yar nan, inshora ba ta biyan komai duka, na sani. Ragowar da ke kan mara lafiya, wa ya biya a Aberdeen?"

Kendra ta ce za ta tambaya. Bayan azahar ta bugo, muryarta a ɗarare. "An biya da caki, Madam. Sunan da ke kai Vernon Tollefson."

Marlys ta yi mata godiya da ladabi. Ta ajiye wayar. Ta ce, "Mutumin nan ko kyautar Kirsimeti bai taɓa iya ɓoye mini ba. Tun Nuwamba nake sanin abin da ya saya."

Sai ta kama hannun kujerar ta fara yunƙurin tashi. Na ce ina za ki, ta ce in taimaka mata ko in kauce. Na riƙe ta, tana cije leɓe, ta ja ƙafa har ɗakin girki ta zauna a kujerar katako. A nan ta wuni, da karyayyen baya, ta ƙi komawa kujerarsa. Sai da ciwon ya fi ƙarfinta da yamma ta yarda na mayar da ita. Da na lulluɓa mata bargo ta ce, "Har yanzu tana warin man gashinsa."

Lambar nan ta yi kwanaki a kan tebur. Ta haddace ta ba ta buga ba. Ran Lahadi bayan na dawo daga coci ta ce, "Zauna nan. Kada ki yi magana."

Wata mata ta ɗauka, ta ambaci sunan wani ƙaramin otal na bakin hanya.

Marlys ta ce, "Ardis Rustad nake nema."

Muna jin ƙarar talabijin a can. Sannan matar ta ce, a hankali, "Wace ce wannan? Don Allah kada a yi mini irin wannan wasa."

"Yayarta ce."

Matar ta sauke numfashi. "Allah Sarki. Muryar ce. Na zaci... Ke ce Marlys. Ni sunana Wanda, tare muka yi aiki da ita. Ba wanda ya gaya miki?"

Marlys ta rufe ido.

"Ta rasu bara, da bazara. Huhu ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi matar ko ta sha wahala, matar ta ce ta sha. Ta ce to, za ta zo idan ta samu ƙafa. Bayan nan ta ce in tafi gida, tana son zama ita kaɗai. Na tafi, amma na yi ta leƙowa ta taga. Tana nan zaune yadda na bar ta, da wayar a cinya, har rana ta faɗi.

Ƙarar da aka ɗaukaka ta yi nasara, kamfanin ya amince. Ranar aikin muka isa da sassafe. A wajen karɓar baƙi aka tambaye ta suna da ranar haihuwa, ta faɗa. Mai ɗaura mata abin hannu mai ɗauke da suna ta tambaya, ta faɗa. Mai sa ruwa ya tambaya. Da aka zo tura ta, wata ma'aikaciyar jinya mai fara'a ta sunkuyo ta ce, "Gaya mini sunanki da ranar haihuwarki, Mama."

Marlys ta dube ta. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ma'aikaciyar ta dube ni.

Na ce, "Ke, Marlys, ana magana."

Ta ce, "Ina tunanin sau nawa ita ma aka tambaye ta." Sannan ta faɗi sunan, a hankali, kamar tana karanta shi a jikin wani abu.

Aikin bai daɗe ba. Da yamma ta taka da ƙafarta zuwa mota, tana mamakin inda ciwon ya tafi. A hanya ta gaya mini cewa tana kife a kan gadon, tsakanin barci da farke, ta ji ana ƙwanƙwasa bayanta can ciki, sai ta ji kamar akwai wata kwance kusa da ita, ita ma a kife, tana numfashi da ƙyar irin na masu shan taba. Na ce maganin barci ne. Ta ce ta sani.

Da ƙanƙara ta narke muka kama hanyar Aberdeen, ni ke tuƙi, ita da matashi a baya. Otal ɗin dogon gini ne hawa ɗaya, ƙofofi a jere, manyan motoci a fake. Wata mata mai kauri, mai furfura a kitse, tana tura keken zannuwan gado. Ta hango Marlys na fitowa daga mota sai ta saki keken, ya gangara ya bugi bango. Ta dafe ƙirji.

"Kai! Na san kina zuwa, amma duk da haka. Har tafiyar."

Wanda ce. Ta kai mu ɗakin wanki, don nan ne kawai ake samun zama, ta zuba mana kofi a kofunan takarda. Injuna na ta juyawa, wurin da ɗumi da ƙamshin sabulu. Ta ce a nan Ardis ta karye, tana ɗaga katifa. Tana da shekara sittin da biyu, ba inshora, saura shekara uku ta kai shekarun shiga inshorar gwamnati ta tsofaffi. Ta yi makonni tana rarrafe daga gado zuwa banɗaki. Da abin ya ƙi, ta bugo gidan Crookston a lokacin da ta san Marlys na coci.

"Mijinki da kansa ya zo," in ji Wanda. "Ya ce miki ya tafi farautar tsuntsaye, ko?"

Marlys ta ce, "Ya dawo ba ko ɗaya. Na yi ta yi masa tsiya."

"A kujerar nan ya zauna yana koya mata. Ranar haihuwarki, adireshinku, sunan ɗanku. Tana kuskure yana cewa sake. Shi gumi yake yi kamar wanda zai yi fashin banki, ita tana dariya tana riƙe baya. Ta ce masa, ai ba wuya zama Marlys, in ɗaure fuska kawai in ce gishiri bai ji ba."

Na ƙyalƙyale da dariya kafin in kama kaina. Marlys ma bakinta ya ɗan motsa.

Wanda ta ce ita ta raka su asibitin. Vernon ya zauna a wurin jira a matsayin miji, yana murza hularsa. Bayan an gama, Ardis na farfaɗowa, ma'aikatan jinya suna jan ta da hira, sai ta shiga ba su labari. Ta ce tana da gida mai shuɗin fenti da itacen tuffa a baya. Ta ce ta ciyar da yaran makaranta shekara talatin. Ta ce ita ta yi jinyar mahaifiyarta har ta cika a hannunta.

"Suka ce mata, kai, kin yi ƙoƙari. Ta ce, ƙwarai, ba kowa zai iya ba. Suka ce ba ki da 'yan'uwa? Ta ce akwai wata ƙanwa, amma ba ta da amfani."

Injin wanki ɗaya ya tsaya. Ba wanda ya tashi.

Marlys ta ce, "Huhun fa? Sun rubuto ta dawo."

"Mijinki ya yi ta bugowa yana roƙonta. Ya ce katin yana nan, ta je, shi zai san yadda zai yi. Ta ce a'a. Ta ce aro ɗaya ta yi, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Idan abin da take tsammani ne, da sunanki za ta yi ta jinya, da sunanki za ta mutu, a zo a ce ke kin mutu kina raye. Ta ce za ta jira shekarunta su cika. Daga baya muka ga sanarwar rasuwarsa. Ta shiga ɗakinta ta wuni." Wanda ta juya kofinta. "'Yan watanni suka rage mata ta kai shekarun, sai ta rasu."

Marlys ta tambaya ko ba ta taɓa neman ta ba, ita kanta.

"Ta bugo miki ai. Lokacin da tarin ya tsananta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai ki ɗauka, ta saurara, ta ajiye."

Na ga fuskar Marlys ta canza. Ni ma na tuna. A hunturun da ya gabaci rasuwar Ardis ta sha yi mini ƙorafin wasu da ke bugowa su yi shiru. Muka ce 'yan damfara ne. Ranar ƙarshe ina wurin, ta ɗauka ta ce, "Ko wane ne kai, ka ji kunya, kana damun gwauruwa. Kada ka sake bugo gidan nan." Ba a sake ba.

Wanda ta miƙe ta buɗe wani kabad a sama da inda ake ninke tawul. Akwai ƙaramin akwati na roba, baƙi, da ɗan hoto a jingine. Hukumar gunduma ce ta ƙone gawar, Wanda ta je ta karɓo tokar don kada ta zauna a sito.

Marlys ta tashi ta tsaya a gabansa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Akwai wuri kusa da Mama. Zan tafi da ita."

Wanda ta sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, 'yar'uwa. Ta bar mini magana. Ta ce kada a kai ta Crookston. Ta ce an gaya mata ta ɓata hanya, ba za ta koma a sake gaya mata ba. Amma ke ce jininta. In kin ce ki ɗauka, ba ni da ikon hana ki."

Hannun Marlys na kan akwatin. Na zaci za ta ɗauka, don ban taɓa ganin an hana ta abin da ta yi niyya ba. Sai ta gyara zaman hoton, ta janye hannu, ta rufe kabad ɗin da kanta.

Bayan mun dawo wani mutum daga sashen bincike na kamfanin inshorar ya bugo. Ya yi dogon bayani a kan zamba, ya tambaye ta ko tana zargin wani.

Ta ce, "Ba zargi nake ba, sani na yi. Ƙanwata ce da mijina."

Ya ce, "Madam, kin fahimci wannan babban laifi ne? Za mu buƙaci inda suke."

"Shi yana maƙabartar cocinmu, layin da ke kusa da shinge. Ita tana ɗakin wanki a Aberdeen, cikin kabad. In ba ka adireshin?"

Ya ce yana yi mata ta'aziyya. Takardu sun yi ta zuwa bayan nan, ta sa hannu a wasu, ɗanta da ke Minneapolis ya nemo lauya ya duba wasu, daga ƙarshe maganar ta mutu.

Abu ɗaya ta nema a duk wannan. Ta bugo wa Kendra ta ce tana son a buga mata hoton nan na ƙashin baya, mai farin curi. Ba ta da wani hoton Ardis na bayan shekara goma sha biyar, na kabad kuwa na Wanda ne. Kendra ta duba ta dawo, muryarta kamar za ta yi kuka. Ta ce an riga an tace bayanan, an cire su daga sunan Marlys. Yanzu sirrin wata mara lafiya ne, doka ba ta yarda a ba kowa ba sai da izinin mai shi ko takardar kotu.

Marlys ta ce, "A da, da sunana yake."

"Na sani, Madam. Mu muka gyara."

Ba ta bi ta kotu ba. Bayanta ya warke, tana aikin lambunta, ta koma girkin coci, sai dai ba a barinta ta ɗaga tire. Amma duk farkon wata sai ta shirya gurasar ayaba ta ce in fito da mota. Mu tafi Aberdeen, mu zauna a ɗakin wankin nan, tana taya Wanda ninke tawul, tana yi mata gyara a kan yadda ake haɗa kusurwa. Ba ta buɗe kabad ɗin. Kujerar da ke ƙarƙashinsa take zama.

Zuwanmu na baya-bayan nan, Wanda na can bayan injuna, kanta cikin kwando, ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Ardis, miƙo mini sabulun nan."

Na dubi Marlys. Ta ajiye tawul ɗin da ke hannunta, ta ce, "Ina zuwa," ta tashi ta kai mata.